Kakarta ta ce a kai mata ita hutu, ni kuwa na san abin da ake shiryawa

Anti, don Allah ki sakaya sunana da na garinmu. Ina da 'ya mace guda ɗaya, shekarunta 6. Surukata ta aiko cewa da zarar an yi hutun makaranta a kai mata ita ta kwana biyu a wurinta. Da farko har na yi murna, sai ƙanwar mijina ta yi suɓul da baka, ta ce ai an riga an yi magana da wadda za ta "gyara" ta, tare da wasu yara biyu na dangi. Na san abin da ake nufi, kaciya ce, don ni ma an yi mini ina ƙarama, kuma har yau ban manta hannayen da suka danne ni ba. Haihuwar yarinyar nan kwana biyu na yi ina naƙuda. Na yi wa mijina magana, ya ce in bar wa tsofaffi harkarsu, shi ba zai ja da mahaifiyarsa ba, kuma wai addini ne ya ce a yi. Saura mako uku a yi hutu. Akwai dokar da za ta kare mini 'yata? In na kai ƙara za a ɗaure surukata? Ba na son aurena ya mutu, ba na kuma son a taɓa yarinyar nan. Ko barci ba na iya yi.

Ƙanwata, kafin mu shiga batun doka ko na addini, ga magana ɗaya da ba ta da sassauci: kada yarinyar nan ta yi wannan tafiya. Ko da ke za a je, kada ta je. Aikin da ake shirin yi mata mintuna kaɗan yake ɗauka. Aike ɗaya da za a yi miki, ko barcin rana ɗaya da zai ɗauke ki, ya isa a gama, kuma abin da aka yanke ba ya dawowa. Duk sauran abubuwan da ke damunki, fushin suruka, shirun miji, gutsiri-tsomar dangi, ana iya gyara su daga baya, ko da shekara za a ɗauka. Wannan ɗaya ba shi da gyara.

Kada kuma ki ɗauka cewa in an fasa tafiyar shi ke nan an tsira. Idan suka ga kin gane, ana iya kawo mai yankan har gidanki ranar da kika fita. Daga yau ki san wanda ke kai ta makaranta da wanda ke ɗauko ta. Ki je ki sami shugabar makarantar ko malamar ajinsu, ki faɗa mata cewa ban da ke, ko wanda kika ambata da bakinki, kada a ba kowa yarinyar. Takardar haihuwarta, da fasfo ɗinta in tana da shi, ki adana su inda ke kaɗai kika sani.

Kin ce ba ki manta hannayen da suka danne ki ba. Na daɗe a kan wannan layin kafin na wuce. Allah ya sanyaya miki. Ina so ki sani cewa abin da jikinki ya gaya miki shi ne abin da likitoci suka tabbatar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa kaciyar mata ba ta da wani amfani ga lafiya ko kaɗan. Abin da ke biyo bayanta shi ne zubar jini da kan iya kai yarinya kabari, da ruɓewar ciwo, da cutar tetanus mai sandarar da jiki, da wahalar fitsari, da zafi wajen kwanciyar aure, da firgicin da kan bi mace har tsufanta. A 2006 hukumar ta fitar da sakamakon binciken da ta yi a kan mata fiye da 28,000 da suka haihu a asibitocin ƙasashe shida, Najeriya, Ghana, Burkina Faso, Senegal, Kenya da Sudan. An gano cewa waɗanda aka yi wa kaciya sun fi fuskantar tiyatar haihuwa da zubar jini bayan haihuwa, kuma jariransu sun fi shiga haɗarin mutuwa, har a sami ƙarin jariri ɗaya zuwa biyu cikin kowace haihuwa 100. A ƙiyasin da UNICEF ya fitar a 2024, mata da 'yan mata fiye da miliyan 230 ne ke raye da wannan tabo, miliyan 144 daga cikinsu a Afirka. Kin ga ba ke kaɗai ba ce, kuma ba ragwantaka ce ta sa kike tuna zafin ba.

Za su canza wa abin suna don ki sauko. Za a ce ai ba kaciya ba ce, angurya kawai za a cire, ko a ce ɗan tsagawa ne kaɗan don jini ya fita, ko yankan gishiri ne na magani. Duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Hukumar Lafiya ta kasa kaciyar mata gida huɗu, kuma a kashi na huɗu ta sa duk wani tsagawa, sokewa, kankarewa ko ƙonawa da ake yi wa gaban mace ba don wata larurar lafiya ba. Yankan gishiri kuwa yana cikin abubuwan da ke jefa mata cikin yoyon fitsari, domin aska takan wuce ta huda mafitsara. Wata hanyar da za a bi a lallashe ki ita ce a ce to a kai ta wurin nas ko likita a yi da allurar kashe zafi. Kada ki yarda. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda aka yi wa kaciya ma'aikatan lafiya ne suka yi musu, kuma hakan bai mayar da naman da aka cire ba. A Masar a 2007 wata yarinya 'yar shekara 12 ta mutu a hannun likita ana cikin yi mata, mutuwar da ta girgiza ƙasar baki ɗaya.

Yanzu ga tambayarki ta farko. E, akwai doka, kuma tana bayanki. Tunda na sakaya garinku, bari in kawo ƙasashen da masu karanta mu suka fi yawa. A Najeriya akwai dokar hana cin zarafin mutane, wadda aka fi sani da VAPP, da aka sa wa hannu a watan Mayun 2015. Sashe na 6 ya haramta kaciyar mata. Wanda ya yi, da wanda ya sa aka yi, na iya shan ɗaurin da ya kai shekara 4, ko tarar da ta kai naira 200,000, ko duka biyun. Wanda ya yi yunƙurin yi, da wanda ya zuga, ya taimaka ko ya ba da shawarar a yi, ɗaurinsa na iya kaiwa shekara 2, ko tarar naira 100,000, ko duka biyun. Wannan doka ta tarayya ce, tana aiki kai tsaye a Abuja, jihohi kuwa sai majalisarsu ta karɓe ta. Mafi yawansu sun karɓa, wasu da gyare-gyare, don haka ki tambayi lauya yadda ta jiharku take. A Nijar tun 2003 aka sa kaciyar mata cikin kundin manyan laifuka, da ɗaurin wata 6 zuwa shekara 3, in kuwa yarinyar ta mutu ya koma shekara 10 zuwa 20. Ghana ta haramta a 1994, ta ƙara tsaurara hukuncin a 2007 zuwa shekara 5 har 10. Burkina Faso ta yi tata dokar a 1996, Kamaru a 2016, Sudan a 2020. A Gambiya an yi ƙoƙarin soke haramcin 2015, amma majalisa ta ƙi a watan Yulin 2024. Sama da waɗannan duka akwai Yarjejeniyar Maputo ta 2003, wadda sashenta na 5 ya ɗora wa gwamnatocin Afirka da suka amince da ita nauyin hana wannan aiki da kare waɗanda ke cikin haɗarinsa.

Ki lura da abu ɗaya a dokar Najeriya, domin shi za ki riƙe a hannu: ba mai aska kaɗai ta kama ba. Kakar da ta kira ta, gwaggon da ta riƙe ƙafa, uban da ya sa 'yarsa a mota alhali ya san abin da za a yi mata, duk suna iya shiga ciki. Mijinki yana ganin in ya yi shiru ya zare hannunsa. A idon doka bai zare ba.

Tambayarki ta biyu ita ce ainihin abin da ya hana ki barci, na sani. Kina tsoron ranar da za a ce ke ce matar da ta ɗaure uwar mijinta. To ki saurare ni da kyau. Doka tana da hannu biyu. Ɗaya na hukunta wanda ya riga ya yi ɓarna, ɗaya na tare ɓarnar tun ba a yi ba. Ke na biyun kike bukata, kuma shi ne mutane suka fi jahilta. Sunansa odar kariya. Takarda ce daga kotu da ke cewa wane da wance kada su yi wa wannan yarinya kaza, kada su ɗauke ta, kada su kai ta wuri kaza. Ba a ɗaure kowa saboda an ba da ita. Sai wanda ya ji ya take ta da gangan ne zai gamu da hukunci. A ƙarƙashin dokar VAPP, tunda yarinyar ƙarama ce, wani babba na iya nema a madadinta ba sai da sa hannunta ba: ke, ko ɗan sanda, ko ma'aikacin lafiya, ko jami'in jin daɗin jama'a, ko malamin makarantarsu. Kotu na iya ba da odar wucin gadi da gaggawa idan ta ga akwai haɗari, kafin ma a zauna sauraron ɗaya ɓangaren. Odar da babbar kotun Abuja ta bayar kuwa tana aiki a duk faɗin ƙasar.

Ga 'yan'uwanmu da ke zaune a Turai da Amurka, waɗanda su ma hutun makaranta ne lokacin da ake "kai yara gida su ga kakanni", kariyar ta fi haka ƙarfi. A Ingila tun watan Yulin 2015 akwai odar kariya ta musamman a kan kaciyar mata, ba a biyan kuɗin kotu wajen nemanta, kuma alƙali na iya umartar a miƙa fasfo ɗin yarinya don kada a fita da ita. Take wannan oda na jawo ɗaurin da ya kai shekara 5, yin kaciyar kuwa shekara 14, ko da a wata ƙasa aka je aka yi. A Amurka hukuncin ya kai shekara 10 tun 2021, kuma fitar da yarinya waje don a yi mata laifi ne.

Mako uku ba lokaci ne mai yawa ba, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Cikin wannan makon ki je ki ga lauya, ko da a ƙarshe ba za ki shigar da komai ba. A Najeriya ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA tana da rassa a jihohi kuma tana tsaya wa mata da yara kyauta. Akwai hukumar ba da agajin shari'a ta tarayya, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa, akwai NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane, wadda aka ɗora wa aiwatar da dokar VAPP a Abuja, akwai kuma sashen jin daɗin jama'a na ma'aikatar mata a kowace jiha. A Nijar akwai ƙungiyar CONIPRAT da ta daɗe tana yaƙi da kaciyar mata, ga kuma alƙalin yara. A Ghana 'yan sanda suna da sashen DOVVSU na rikicin cikin gida. Kafin ki je, ki zauna ki rubuta komai: ranar da saƙon surukarki ya zo, abin da ƙanwar mijinki ta faɗa da kalmominta, wa ke wurin, amsar da mijinki ya ba ki. In akwai saƙon waya ko na murya, ki tura wa wata aminiyarki ta ajiye miki. Kotu da hujja take aiki, kuma abin da aka rubuta da zafinsa ya fi abin da aka tuno bayan wata guda.

Zan gaya miki gaskiya don kada ki karaya. Mai yiwuwa teburin farko da za ki tsaya a gabansa a ce miki wannan maganar cikin gida ce, ki koma ku sasanta. Dokokin nan suna nan a rubuce, amma ba kasafai ake gurfanar da mutane a kansu ba, kuma ba kowane jami'i ne ya san da su ba. In aka mayar da ke, ki nemi sashen da ke kula da mata da yara, ko ki koma tare da lauyar. Mace ɗaya ana iya kore ta da magana. Mace da lauya a gefenta, da sunan doka da lambar sashe a bakinta, ba a cika yi mata haka ba.

Amma duk da wannan, ni a ganina mabuɗin yana hannun mijinki, kuma ina fatan ba za a kai ga kotu ba. Yawancin maza ba su taɓa sanin abin da ake yi ba. An gaya musu harkar mata ce, suka kau da kai, suna zaton kamar kaciyar namiji take. Ba haka ba ne. Abin da ake yankewa a jikin mace gaɓa ce mai rai da jijiyoyi, ba fatar da ta yi saura ba. Ki nemi lokacin da hankalinsa yake kwance, ba a gaban kowa ba, kuma kada ki fara da laifin mahaifiyarsa, don da kin taɓa ta zai toshe kunnensa. Ki fara da kanki. Ki gaya masa abin da aka yi miki, yadda aka yi, da abin da kike ji har yau, abin da wataƙila kunya ta hana ki faɗa masa tun da kuka yi aure. Ki tuna masa kwana biyun nan da ya yi yana safa da marwa kina naƙuda. Sannan ki tambaye shi ko ya yarda a danne 'yarsa haka. In da hali ku je tare wurin likitar mata ko ungozomar asibiti ta yi masa bayani, ya ji daga bakin da ba naki ba. Abin da kike nema a wurinsa jumla ɗaya ce zuwa ga mahaifiyarsa, da bakinsa: 'yata ba za a yi mata ba. In ke kika faɗa, za a ce matar ɗa ta raina uwa. In shi ya faɗa, uba ne ya yanke hukunci a kan 'yarsa.

Batun addini kuwa, kada ya tsorata ki. Babu ayar Alƙur'ani da ta yi umarni da kaciyar mata. Al'adar ta girmi Musulunci, kuma ana samunta a tsakanin Musulmi da Kiristoci da masu bin addinin gargajiya, yayin da ɗimbin Musulmin duniya ba su ma san ta ba. Gaskiya ne malaman fiƙihu na da sun yi magana a kanta kuma sun saɓa wa juna, amma a mazhabar Malikiyya ba a ɗauke ta wajibi ba. Hadisin da aka fi kafa hujja da shi, na matar da ke yi wa mata kaciya a Madina, Abu Dawud da ya ruwaito shi da kansa ya ce mai rauni ne. A 2006 manyan malamai sun taru a Alƙahira suka yi kira da a daina, a 2007 kuma Muftin Masar na lokacin, Shehu Ali Jum'a, ya fito ƙarara ya ce haramun ce. Dogaronsu ƙa'idar nan ce da kowane ɗalibi ya sani, cewa ba a cuta kuma ba a cutarwa. Ki nemi malamin da mijinki ke ganin girmansa, ki fara jin ra'ayinsa ke kaɗai, in kin ga ya fahimci lamarin sai ki roƙe shi ya yi magana da shi da mahaifiyarsa.

Ita ma surukarki ina so ki dube ta da idon rahama, ko da ba za ki ba ta yarinyar ba. Kusan tabbas ita ma an yi mata, aka kuma gaya mata cewa da haka mace ke kama kanta ta sami miji. A zuciyarta gata take shirin yi wa jikarta. Wanda ke cutar da kai yana zaton alheri yake yi, zagi ba ya juya shi. A tura mata wanda take jin nauyinsa, yayanta, ko aminiyarta, ko malamin nan. A gaya mata cewa kamun kai tarbiyya ce, kuma aska ba ta koyar da tarbiyya. A kuma gaya mata a fili, cikin ladabi, cewa yanzu akwai ɗauri a kan wannan aiki, ga ita da ɗanta da mai yankan. Sau da yawa wannan kaɗai kan ba tsohuwa hanyar janyewa ba tare da ta ji kunya ba, sai ta ce wa ƙawayenta hukuma ce ta hana. Ki bar mata wannan ƙofar a buɗe. In tana kewar jikarta, ta zo ta gan ta a gabanki.

Ba zan yi miki alkawarin cewa aurenki ba zai girgiza ba. Zai iya. Ana iya yi miki barazanar saki, ko a ce za a karɓe yarinyar. Shi ya sa nake so ki tambayi lauyar batun riƙon 'ya tun yanzu, tun ba a kai can ba, domin haɗarin kaciya hujja ce da za ki iya gabatar wa alƙali. Ki kuma sanar da wani naki da zai tsaya miki, mahaifinki, ko yayanki, ko wata gwaggo mai faɗa a ji, amma ki zaɓi wanda kika tabbata ba ya goyon bayan a yi, tunda a gidanku ma an yi miki. In kika ga alamar za a ɗauke ta da ƙarfi, ko aka ɗaga miki hannu, ki ɗauke ta ku tafi inda kika amince, daga can ki kira lauya da 'yan sanda.

'Yar shekara 6 tana da wayon da za ki yi mata magana ba tare da kin firgita ta ba. Ki ce mata jikinta nata ne, ba wanda zai cire mata wando ko ya taɓa gabanta, ko da wanda take so ne, ko da an ce za a ba ta kyauta ko an ce sirri ne. In wani ya ce ta zo su je wani wuri, ta ce sai ta tambayi Mama. Ki sa ta haddace lambar wayarki.

Sauran yaran biyu ma suna raina. Ki lallaɓa ki ji ta bakin iyayensu mata. Ba mamaki ɗaya daga cikinsu tana kwana da irin tsoronki, tana zaton ita kaɗai ce. Uwaye biyu ko uku da suka ce a'a tare sun fi wuyar tanƙwarawa. In ba su saurare ki ba, ki ambaci yaran ga lauyar ko jami'in jin daɗin jama'a, domin odar kariya su ma tana iya kare su.

In kuwa, Allah ya kiyaye, aka shammace ki aka yi, asibiti za ki fara nufa da gudu, kafin faɗa, kafin kuka, kafin ofishin 'yan sanda. A tsayar da jini, a yi mata allurar tetanus, likita ya rubuta abin da ya gani, ki karɓi kwafin takardar. Ke ma, in ƙura ta lafa, ki je likitar mata ta duba ki. Zafin da kike ji da wahalar haihuwa akwai abin da ake iya yi a kansu, har da tiyatar buɗewa ga waɗanda aka ɗinke, akwai kuma masu sauraron irin wannan damuwa ta zuciya. In kika sake samun ciki, ki faɗa wa ungozoma tun awon farko cewa an yi miki kaciya, don su shirya wa ranar haihuwa.

Gobe da safe ki fara da makarantar. Daga can ki wuce ofishin lauyoyin da takardar da kika rubuta a jakarki, maganar mijinki kuma ki bar ta zuwa dare, bayan yarinyar ta yi barci. Ki sake rubuto mini kafin a yi hutun in ji inda aka kwana.